Igiyar Injin Ƙanƙara

Likitan da ya yi wa maigidana aiki a zuciya bai yi mana dogon wa'azi ba ranar da za a sallame mu. Ya ce a rage gishiri, a riƙa shan magani a kan lokaci, a riƙa ɗan tattaki. Sannan ya juyo ya dube ni, ba shi ba, ya ce in dusar ƙanƙara ta sauka kada in bari ya taɓa shebur. Sanyi yana matse jijiya, in ji shi, ɗaga ƙanƙara kuma aiki ne da zuciyar Malam ba za ta ƙara ɗauka ba. Malam ya gyaɗa kai kamar ɗalibin kirki. Na san wannan gyaɗa kan sarai, shi yake yi wa duk maganar da ya riga ya yanke cewa ba zai bi ba.

Gidanmu yana unguwar Soundview ne, a yankin Bronx, kuma a kan kwana yake. Da muka same shi murna muka yi da kwanar, saboda haske da iska suna shigowa ta ɓangare biyu. Sai da hunturu ya zo muka gane cewa mai gidan kwana hanyar ƙafa biyu ce a wuyansa, ta gaba da ta gefe. A garin nan doka ce, in ƙanƙara ta gama sauka kowa ya share inda mutane ke bi a gaban gidansa, in ba haka ba a ci shi tara. Amma ba dokar ce ke fitar da Malam ba. Shi a wurinsa wannan simintin ƙofar gida ce, ƙofar gida kuwa ta maigida ce. A gidansu na Kano mace ba ta wuce zaure da tsintsiya. Tsakar gida ta mata, daga zaure zuwa waje na maza, kuma da wannan ya tsallako teku bai zubar da ko kaɗan a hanya ba.

Ni aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Ina ɗaga mutum daga gado in zaunar da shi a kujera, in yi masa wanka, in mayar da shi. Ƙarfin damtse Allah ya ba ni, aikin kuma ya ƙara mini. Saboda haka na ce masa daga yau ni zan riƙa sharewa. Ya dube ni kamar na ce zan ja sallar Juma'a.

"Hajiya, ina raye?" ya ce. "Ki fita titi da shebur, ni ina zaune a ɗaki, Alhaji yana kallo?"

Alhajin da yake nufi maƙwabcinmu ne na tsallaken titi, mutumin zangon Kumasi, direban tasi da ya ajiye aiki. Abokin Malam ne, tare suke zuwa masallaci, kuma tsokana ce gaisuwarsu. Ba ya kiransa komai sai Bakano. Ba mugu ba ne, yana da kirki ma, amma in ka yi tuntuɓe a gabansa da safe, kafin la'asar duk masallaci sun san da wace ƙafa ka yi.

Ƙanƙarar farko bayan aikin zuciyar ta sauka ina wurin aiki. Na dawo na tarar da ƙofar gida tas, gaba da gefe, har an yayyafa gishiri. Malam yana kwance a doguwar kujera, leɓensa ya yi fari, yana numfashi a hankali kamar mai ɓoye wani abu. Ya ce wasu ya samu suka share. Na wuce gareji na taɓa shebur na ji shi a jiƙe, na dawo na taɓa ƙafar wandonsa na ji ta a jiƙe. Ranar na yi masa abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce ban baro uwata da ubana na zo ƙasar nan don in yi takaba saboda ruwan da ya daskare ba. Ko dai a sayi injin da ke share ƙanƙara, ko kuma gobe da sassafe ya gan ni a titi da shebur, in ya so Alhaji ya ɗauko kujera ya zauna ya more kallo. Tsoro ne ya sa ni faɗan. Shi ma ya gane, don bai mayar mini ba.

Malam ba ya sayen abu sau biyu. Tukunyar da muke dafa tuwo ta girmi 'yarmu, kuma har yau yana yabonta kamar shi ya ƙera. Da muka je babban kantin da ake sayar da kayan aiki, sai ya shiga bin injinan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon layya. Ya ƙwanƙwasa nan da bayan yatsa, ya latsa taya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa. Duk wanda ya ji roba a jikinsa sai ya wuce ba ko waiwaye. Mai kula da sashen, wata mata mai haƙuri, ta yi mana bayani cewa iri biyu ne. Akwai ƙarami mara nauyi na ƙanƙarar da ba ta yi tudu ba. Akwai kuma babba mai haƙoran ƙarfe a gaba, su tauna ƙanƙarar su tura ta ciki, wata fanka ta wurgo ta waje ta bututu, kuma shi da kansa yake tafiya, kai dai ka riƙe ka bi. Da ta ji gidanmu a kwana yake sai ta ce babban ya kamace mu, saboda motar gari mai share titi a kwana take tara ƙanƙara ta danne ta har ta zama kamar dutse.

Har nan lafiya lau. Sai ta nuna mana wani jan maɓalli a gefen injin. Ta ce in ka jona waya da wutar bango ka danna wannan, inji zai tashi ba sai ka ja igiya ba.

"Ranar da aka ɗauke wuta fa?" Malam ya tambaye ta.

Shekarunmu da yawa a garin nan, kuma ɗauke wutar da muka gani ba ta taka kara ta karya ba, amma mutumin da ya girma da janareta ba ya yarda da wutar bango har abada. Matar ta ce ai igiyar ma tana nan, in babu wuta sai a ja.

"To in igiya tana nan, me ya kawo maɓalli?" Ya juyo wurina ya koma Hausa. "Duk abin da aka ƙara a jikin inji, shi zai fara lalacewa. A ba ni mai igiya zalla."

Da ƙyar aka samo masa irin wanda yake so, baƙi da ja, ƙarfe tun daga bututu har mariƙi. Ban yi gardama ba. Ni ma da janareta na girma, jan igiya a wurina ba aiki ba ne, abu ne da ake yi kafin a fara aiki. Kuma a ganina na ci riba isasshiya a ranar, tunda na raba shi da shebur.

Hunturun farko daɗi muka sha. Inji sabo, ja ɗaya yake tashi. Malam zai saka babbar rigar sanyi a kan jallabiya, ya naɗe wuya, ya ja hula har kunne, ya fito bayan injinsa yana tafiya a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Ƙanƙara tana tashi sama fara fat tana zuba a gefe. In ya gama namu sai ya zarce ya yi wa tsohuwar da ke kusa da mu, wadda 'ya'yanta suka yi nisa. Alhaji yana daga tsallake da sheburinsa yana cewa, "Bakano ya sayi tarakta, saura gona." Malam ya ɗaga masa hannu kamar bai ji ba, alhali har kunnensa murmushi yake.

Da sanyi ya wuce, Malam ya wanke injin, ya goge shi, sannan ya ɗauko jarka ya cika tankin har baki. Ya kuma ajiye wata jarkar cike a gefe. Ni na riƙe masa mazurari. A wurinmu haka ake girmama inji. Duk wanda ya taɓa wuni a layin mai ya san cewa tanki cike kwanciyar hankali ne, kuma ba a ajiye inji da yunwa. Abin da ba mu lura da shi ba, janareta kullum cikin aiki yake, fetur ba ya daɗewa a cikinsa balle mu ga abin da yake zama in ya daɗe. Wannan injin kuwa barci zai yi tun daga bazara har wani sanyin.

Ƙanƙara ta dawo a lokacinta. Malam ya yaye tamfol, ya ja igiya, shiru. Ya sake ja. Inji ya yi tari sau ɗaya ya koma ya yi shiru. Ina tsaye a ƙofar da ke haɗa gareji da cikin gida ina kallonsa yana fizga, yana fizga, jikinsa gaba ɗaya yana bin igiyar. Can ya tsaya ya dafa mariƙi, ya sunkuya, bakinsa a buɗe. A nan na gane abin da muka yi a kantin nan. Mun fitar da shebur ta ƙofa, mun shigo da ɗan'uwansa ta taga. Na je na cire hannunsa daga igiyar, na ce ya isa. Idonsa ya tafi kan shebur da ke jingine a bango, na tsaya tsakaninsu. Allah ya taimake mu wasu maza biyu suna yawo layi-layi da sheburansu suna neman aiki, muka kira su. Malam ya fita ya tsaya a kansu yana nuna musu nan da can, don kada a ce ƙofar gidan ba ta da mai ita.

Shi da kansa ya gano matsalar. Ya kwance kafireto, inda mai ke haɗuwa da iska, ya shimfiɗa jarida a teburin cin abincina ya baje shi a kai. Cikinsa duk wani abu ne rawaya mai danƙo kamar ƙaro, ya toshe 'yan ƙananan hujojin. Sai a lokacin ya nemi littafin da ya zo da injin, wanda bai taɓa buɗewa ba. Ya karanta, ya rufe shi.

"Ashe fetur ma yana tsami," ya ce, "kamar miya."

Abin ya ba shi haushi, kamar wani aminin da ya yarda da shi ne ya ci amanarsa. Amma Malam in ya koyi abu ya koya ke nan. Daga shekarar, duk ƙarshen sanyi yakan fito da injin ya tayar da shi ya bar shi yana ta ƙara har man ya ƙare ya mutu da kansa. Ya juye baƙin mai ya zuba sabo. Ya cire fulogi ya duba bakinsa. Ya wanke gishirin titi daga ƙasan injin don kada tsatsa ta ci, ya shafa giris a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Yana da wani gwangwanin madara da yake ajiye ƙananan ƙusoshin haƙoran, waɗanda aka yi su don su karye in haƙori ya ci karo da dutse, kada ɓarnar ta kai ciki. Ni nake miƙa masa sifana, ina kallo, ina koyo ban ce ina koyo ba. Shekaru suka shige haka, injin bai sake ba mu kunya ba.

Jikin Malam ne ya sake ba mu tsoro. Wata bazara numfashi ya fara yi masa wuya, ƙafafunsa suka kumbura, muka koma asibiti. Aka ce zuciyar ta ƙara rauni, aka saka masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji. Ranar sallama na tambayi likita a gabansa, ɓaro-ɓaro, ko mutum irin wannan zai iya jan igiyar inji. Likita ya ce a'a. Tafiya a hankali a bayan injin, in ya rufe jiki kuma bai daɗe a waje ba, wannan ba zai hana shi ba. Amma fizga da ƙarfi, cikin sanyi, babu ita.

Da muka shiga gida Malam ya ce na tona masa asiri a gaban bare. Na ce gara in tona a gaban likita da in tona a gaban masu wankan gawa. Na kawo shawarar a rabu da injin a sayi mai maɓalli, ko a saka wa wannan ɗin. Muka tambaya aka ce irinsa ba shi da gurbin sakawa. Batun rabuwa da shi kuwa, Malam ya ce babu.

"Lafiyarsa ƙalau," ya ce. "Ni ne ba ni da lafiya. Me ya yi da za a kore shi?"

Na shiga kicin na daɗe ina wanke kofin da ba shi da datti.

Abin da muka koma yi daga nan ba mu taɓa zama mun tsara shi ba. Safiyar da ƙanƙarar farko ta kwanta a shekarar, yana cikin saka safa na riga shi zuwa gareji ta ƙofar ciki. Na ɗaga babbar ƙofar zuwa gwiwa don hayaƙi ya fita. Na murɗa cok mai rage iskar da ke shiga injin, na latsa 'yar robar da ke tura mai, na dafa injin da hannun hagu, na ja da dama kamar yadda na sha ganin yana yi. Ya tashi. Na juyo na ga Malam a bayana da rigar sanyinsa. Muka dubi juna, ƙarar ba ta barin a yi magana, kuma babu mai son yi. Na koma cikin gida na ja ƙofa. Shi kuma ya ɗaga babbar ƙofar gaba ɗaya ya fita titi bayan injinsa, kamar kullum.

Haka muka ci gaba. Ni in tayar a ciki inda ba mai gani, shi ya fita da shi inda kowa ke gani. 'Yarmu, da ta zo hutu ta ga abin da muke yi, ta ce da Turanci, don ita Hausa a kunne take ba a baki ba, wai wa ya damu da wanda ya ja igiya. Na ce ubanki ya damu. Mutane suna ɗauka rufin asiri maganar abinci ce da sutura kawai. A aure har da wannan. Mutumin nan ya ajiye aiki, ya daina tuƙi mai nisa, an hana shi naman da yake so, an hana shi ɗaukar jikarsa a kafaɗa. Abin da ya rage masa da zai yi a gaban jama'a a matsayin mai gida shi ne wannan 'yar tafiyar daga ƙofa zuwa kwana. Ban ga dalilin da zai sa in ƙwace masa ita ba.

Sai dai akwai abin da ke cin raina. Inji yana iya mutuwa a waje. In ya mutu a tsakiyar hanya, a gaban mutane, ba ni kusa, igiya tana gabansa. Na ce ya yi mini alkawari ba zai taɓa ta ba. Ya ce, "Allah dai ya kiyaye." Na ce ba addu'a na nema ba, alkawari na nema. Ya sake cewa Allah ya kiyaye, ya ɗauki carbinsa.

Tunda ban samu alkawari daga mutum ba, sai na koma nema daga inji. Kula da shi ta dawo hannuna kusan gaba ɗaya, shi yana zaune a kujera yana ba da umarni. Ban yarda da man da ya daɗe a jarka ba, kaɗan-kaɗan nake sayowa. Fulogi ko bai nuna gajiya ba sai na canza shi kafin sanyi. In aka ce ƙanƙara na tafe, sai in bi hanyar ƙafar nan gaba da gefe ina tsince duwatsu da kwalabe da jaridun talla da ake jefarwa a ƙofar gidaje, don kada ta rufe su inji ya haɗiya. Maƙwabta suna yaba mini tsafta. In ya fita kuwa, ina bayan labule da hijabina da takalmin sanyi a ƙafa, ina bin ƙarar da kunne. Muddin ina jin ta hankalina a kwance yake.

Ranar da abin ya faru Asabar ce. Ƙanƙara ta kwana tana zuba, mai nauyi, mai ruwa-ruwa, da iska. Gari ya waye rana ta fito, kowa na layin ya fito da abin shararsa. Alhaji yana ƙofar gidansa tare da wasu mutum biyu 'yan masallacinmu da suka zo taya shi tono motarsa. Na tayar da inji, Malam ya fita. Ya gama gaba lafiya, ya nufi kwana inda motar gari ta tara tudu. Na ga haƙoran sun shiga tudun, na ji ƙarar ta canza ta yi nauyi, inji ya yi tari, sai shiru.

Ban taɓa jin layinmu ya yi tsit haka ba. Ashe iska ce ta kwaso tabarmar goge ƙafa daga wani gida ta jefa a kwanar, ƙanƙara ta binne ta. Malam ya ɗauko sandar da ke maƙale a jikin injin, ya durƙusa a hankali, ya yi ta zungura har ya zaro tabarmar ya jefar gefe. Ya miƙe ya tsaya yana kallon injin. Tura shi zuwa gareji ba zai yiwu ba, a mace nauyinsa ya fi na buhun hatsi, ga ƙanƙara har ƙwauri.

"Bakano," Alhaji ya ɗaga murya daga tsallake, "tarakta ya gaji ne? Ja shi mana, muna jira ka zo ka yi namu."

Mutanen suka yi dariya, dariyar abokai, ba ta mugunta ba. Malam ya sunkuya ya kama igiyar.

Hannuna yana kan ƙofa. In na fita da gudu na riƙe shi, na tsiraita shi a gaban abokansa da hannuna, bayan duk shekarun da na yi ina rufawa. In na tsaya, ina iya kallon mijina ya faɗi a kan ƙanƙara. Na so in buɗe, na kasa. Na so in saki ƙofar, na kasa. Ina jin haushinsa, ina jin tausayinsa, bakina yana ta salati ban san na fara ba. Ya jawo igiyar a hankali har inda take yin tauri, inda daga nan sai fizga. Ya gyara tsayuwar ƙafarsa. Ya daɗe a haka, kansa a ƙasa, hucin bakinsa yana fita fari.

Sai ya mayar da ita a hankali har ta shige. Ya miƙe tsaye, ya juyo ya fuskanci gidan.

"Hajiya," ya kira, da ƙarfin da duk layin zai ji. "Zo ki tayar min."

Na fita. Ban san yadda na sauka matakalar ba. Kafin in ƙaraso ya juya wajen su Alhaji ya ce, ba tare da ya rage murya ba, "Ita ce take tayar da shi. An hana ni. Tun da aka sa min abin nan a ƙirji ita ce."

Alhaji, mutumin da ban taɓa ganin magana ta ƙare masa ba, ya tsaya riƙe da shebur yana kallon ƙasa. Can ya ce, "Sannu, Hajiya. Allah ya ƙara lafiya, Malam." Ban taɓa jin ya ce masa Malam ba sai ranar.

Na dafa injin na ja. Bai tashi ba. Na sake ja, ya kama. Na matsa gefe na ba shi wuri kamar yadda muka saba. Bai karɓa ba. Ya kamo hannuna ya ɗora a kan mariƙin, ya matso bakinsa kusa da kunnena saboda ƙara.

"Wannan na tafiya, wannan na haƙora. Ki bar shi a giya ta ɗaya, kada ki tura, shi zai ja ki. Ƙarasa."

Ya bi ni 'yan taku kaɗan yana gyara mini bakin bututu don kada in watsa wa motocin mutane. Sannan ya koma ya share matakalar ƙofa da safar hannunsa ya zauna. Na zaci ciki zai shiga. Bai shiga ba, ya zauna a nan inda kowa ke ganinsa, hannuwansa a cikin aljihu, matarsa tana share ƙofar gida.

Abin da na yi shekaru ina roƙo ke nan, tun daga ofishin likitan farko. Na same shi, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na safiyar nan ba. Na fasa tudun kwanar, na bi gefe har ƙarshe, na dawo na yi wa tsohuwar maƙwabciyarmu. Iska tana mayar mini da ƙanƙarar a fuska, ban goge ba. Malam bai sake fita bayan injin ba daga ranar.

Da na gama na kashe shi, na zo na zauna kusa da shi a kan simintin mai sanyi. Kunnuwana suna ta ƙugi. Muka ɗan jima muna kallon su Alhaji suna fama da motarsu.

"Kafaɗar fa?" ya ce, bai dube ni ba. "Ba ta yi miki ciwo?"

Tun ranar da na fara jan igiyar nan bai taɓa tambaya ba, don tambayar tana nufin akwai abin da ake yi. Na ce masa ba ta yi. Ya san ba gaskiya ba ne, ya fi kowa sanin nauyin igiyar. Ya zaro hannunsa daga aljihu, da ɗuminsa, ya ɗora a kafaɗata ta dama, a nan bakin titi, ya bar shi a wurin.